Batirin Jif a Birnin Kano: Ajiya da Zafi da Gyaran Zamanin Fijo

  

Maganar da aka ɗora mini yau a kan batirin mota ce, kuma ba na kowace mota ba, na manyan jif-jif na zamani irin su Land Cruiser da Prado da Lexus LX da Range Rover da G-Wagon, waɗanda aka ƙera don rairayi da duwatsu, amma a wurinmu yawancinsu tsakanin Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Mata da Kabuga suke ƙare rayuwarsu. Duk wanda ya taɓa zama a garejin masu wayarin, daga Ƙofar Ruwa har Sabon Gari, ya ji kukan masu waɗannan motoci: batiran yanzu ba su da ƙarko, ka sa sabo bana, kafin baɗi mota ta ƙi tashi. Ni a ganina an ɗora laifin inda ba nan ya fi yawa ba. Mafi yawan batiran nan ba mutuwar Allah da Annabi suke yi ba. Rashin caji ne yake cin su a tsaye, zafin garinmu ya ƙarasa, sannan idan an kai su neman magani a yi musu aikin da aka gada daga zamanin Fijo, wanda motar yau ba ta iya ɗauka. Wannan nake so in kafa wa hujja, kuma zan bi ta kan maganganun da na san za a mayar mini.

Batirin da ke cikin motar miliyoyin naira, a asalinsa, shi ne dai wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, wato farantan dalma a jiƙe cikin ruwan asid. Ɗakuna shida ne a cikinsa, kowane yana ba da bolt 2.1, shi ya sa cikakken batir da ya kwana ba a taɓa shi ba yake nuna 12.6 ko 12.7 a mita. Idan ya nuna 12.2, kusan rabin cajinsa ya tafi. Idan ya sauko ƙasa da 12.0, saura kaɗan ya ƙare, ko da kuwa har yanzu yana tayar da mota. Tazarar ke nan gaba ɗaya, wajen rabin bolt, abin da ido ba ya gani, kunnen direba kuma ba ya ji a ƙarar kik. Yayin da batir yake ba da wuta, asid ɗin yana haɗuwa da dalma ya zama wani farin gishiri a jikin farantan. In an mayar masa da caji da wuri, gishirin sai ya narke, komai ya koma yadda yake. In kuwa an bar shi makonni a rabin caji, gishirin sai ya sandare ya zama ɓawo, kuma duk inda ɓawon ya rufe da wuya ya sake riƙe wuta. Batir mai lamba 95 sai ya koma yana aikin mai lamba 50, alhali a waje yana nan sabo fil. Ba sai ya taɓa mutuwa ɗungurungum wannan ciwo yake kama shi ba. Dogon zama a rabin caji kaɗai ya isa.

Abin da ya canza shi ne motar. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun tsakiyar shekarun 1970, in ka zare mukulli ta mutu murus, ban da agogo babu abin da ke shan wuta. Jif ta yau tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci gommai, kuma idan ka kashe ta barci take yi da kunne a buɗe. Akwai na'urar da ke sauraren rimot, akwai ƙararrawar ɓarayi, akwai abin da ke riƙe saitin kujeru da tagogi, Range Rover ma takan farka lokaci-lokaci ta duba tsayin ƙafafunta na iska. Mutanen birni sun san dokin hawa: sau nawa ake ɗaura masa sirdi a shekara? Amma kullum yana turke yana cin harawa da dawa, kuma wanda ya ce ba zai ba shi abinci ba sai ranar Hawan Daushe, ba zai samu abin hawa ba. Mu yi lissafi. Motar da ta yi barci lafiya tana zuƙar abin da bai wuce amfiya 0.05 ba. A kwana ɗaya ya zama 1.2 daga cikin lambar da ke rubuce a jikin batir, a wata ɗaya ya zama 36. Batir mai lamba 90 ya rasa kashi 40 cikin 100 ke nan ba tare da an juya taya ba. Wannan kuma motar da ba a ƙara mata komai ba ce. Idan an sa mata tiraka da kyamara da ƙarin fitilu da amfilifaya, aka ɗauko musu wuta daga wayar da ba ta mutuwa, zuƙar na iya kai 0.2, kuma a kwana 10 fiye da rabin batirin ya tafi. Tayar da inji da ake ɗauka shi ne babban aikin batir, amfiya wajen 300 ne na daƙiƙa biyu, bai kai abin da motar ke sha a awa huɗu na tsayuwa ba.

Yanzu mu dubi yadda muke hawan motocin nan. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Injin silinda takwas a cikin gari lita ɗaya ba ta kai shi fiye da kilomita biyar ko shida, tankinsa kuma yana cin lita 90 zuwa sama. Alhaji mai hankali sai ya ajiye babbar, ya ɗauki ƙarama zuwa Kantin Kwari ko Singa. Babbar ta koma ta Juma'a da ɗaurin aure da ta'aziyya da Sallah. Ga kuma tsarin birnin kansa. Unguwannin da suka kewaye Kurmi, kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, lungunansu don ƙafa da jaki da doki aka fitar da su. Mai jif a Koki ko Yakasai ko Mandawari sau da yawa a bakin titi yake barin ta, ko a wani fili, a rana, nesa da soket. Ranar da za a fita da ita kuma, tafiyar kilomita biyu ko uku ce zuwa masallacin Juma'a na cikin gari, a tsakiyar 'yan adaidaita sahu, ƙafa a kan burki. A wannan tafiyar inji yana silo, altaneta tana ba da mafi ƙarancin abin da take iyawa, esi na gaba da na baya suna aiki, fankokin lagireto suna juyawa, allon gaba da firjin tsakiyar kujeru duk suna sha. Abin da ya rage wa batir ɗan kaɗan ne. In an isa kuma, direba yakan zauna a ciki yana jiran maigida, inji a kashe, rediyo a kunne, wayoyi biyu a caji.

Za a ce mini ai kullum da safe ana tayar da ita a ɗumama ta minti goma. Wannan al'ada tana da niyya mai kyau, amma ba ta biyan bashin. Batirin dalma ba ya karɓar caji da gaggawa. Yakan sha da sauri a farko, sannan yana matsowa kusa da cika yana rage sha, har kashi 20 na ƙarshe ya ɗauki awanni. Wannan kashi na ƙarshen kuwa shi ne yake narkar da gishirin da muka ambata. Minti goma a silo zai ɗora masa wani caji na sama-sama wanda zai sa mita ta nuna lamba mai kyau nan take, zuwa gobe ya baje. Kuma kowace buɗe ƙofa tana tayar da kwamfutocin motar, su yi mintuna suna shan amfiya da yawa kafin su koma barci. Ko tafiyar Zariya ko Katsina, wadda ta fi ɗumamawa nesa ba kusa ba, ba kullum take cika batirin da ya yi nisa ba, domin yawancin motocin Turai na yanzu da gangan aka tsara altanetarsu ta riƙe batir a wajen kashi 80, don rage shan mai da hayaƙi. An yi wannan tsari ne da tunanin mutumin da ke hawa motarsa kullum a ƙasa mai sanyi.

Zafi kuwa ba ya buƙatar dogon bayani a gaban Kanawa. A Maris da Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yana kai digiri 40, ƙarƙashin bonet kuma ya wuce haka da nisa. Masu ƙera batir suna auna ƙarkonsa a kan digiri 25, kuma ƙa'idar da suke aiki da ita ita ce duk ƙarin 8 zuwa 10 yana raba kwanansa biyu. Zafi yana cinye ƙarfen da ke riƙe farantan, yana ƙafar da ruwan, yana kuma hanzarta zubar da caji ko da batirin yana kan kanta a shago. Abin da yake ruɗar mutane shi ne ɓarnar a bazara ake yin ta, amma sai hunturu take bayyana. Sanyin asubar Disamba da Janairu yana rage ƙarfin batir, man inji kuma ya yi kauri, sai wanda ya riga ya raunana ya gaza, a ce sanyi ya kashe shi. Batirin da zai yi shekara biyar a Jamus, a nan in ya yi biyu zuwa uku ya yi ƙoƙari, ko da an kula da shi. Wannan asara ce da ba mu da iko a kanta sai ɗan abin da inuwa da rumfa za su rage. Amma faɗowa daga shekara uku zuwa wata takwas, wannan ba aikin rana ba ne.

To jabun kaya fa? Ba na musun akwai su. Akwai batirin da aka liƙa wa lambar da ba tasa ba, akwai tsohon da aka wanke aka sake wa kwali, akwai kuma na gaske wanda ya yi wata goma a shago yana zubar da caji cikin zafi, har ya kamu da ciwon kafin a saye shi. Maganin wannan yana hannun mai saye: a sa mita a gabansa kafin ya biya, in bai kai 12.5 ba ya bar shi, a duba ranar ƙira, a kuma ɗaga a ji nauyi, domin dalma ce ƙarfin batir, kuma mai yin jabu a dalma yake rage hannu. Sai dai hujjar jabu ba ta bayyana wani abu da kowane mai wayarin ya sani. Batir iri ɗaya, daga shago ɗaya, a sa shi a motar haya da ke zirga-zirga Kano zuwa Kaduna kullum ya daɗe, a sa ɗan'uwansa a jif ɗin da ke fita sau ɗaya a mako ya mutu da wuri. Da kayan ne matsalar, da motar da ta fi wahala ce za ta fara kashe nata.

Maganin ajiya caja ce, amma ba kowace caja ba. Wadda ake nufi ƙarama ce mai ƙwaƙwalwa, wadda take auna batir da kanta, ta ba shi wuta daidai, ta tsaya a 14.4 zuwa 14.7 gwargwadon irinsa, in ya cika ta sauko ta riƙe shi a wajen 13.5. Ƙarfin da ya dace shi ne kusan kashi ɗaya cikin goma na lambar batirin, wato amfiya 5 zuwa 10 ga irin waɗannan motoci, a bar shi ya kwana. Motar da ba ta fita kullum, a yi mata haka duk mako biyu, ko aƙalla sau ɗaya a wata. Wannan ya sha bamban da babbar tiransifomar bakin titi da ake jera batira biyar ko shida a kai, a buɗe mata wuta har ruwa ya tafasa. Tsohon batir mai murafu yana jure wannan, domin in ruwansa ya ƙafe sai a ƙara tataccen ruwa. Amma yawancin jif-jif na Turai batirin AGM suke zuwa da shi, wanda asid ɗinsa a tsotse yake cikin wani auduga na gilashi, kuma a rufe yake ruf. In aka wuce masa ƙa'ida, ruwan ya fita a matsayin iska ta bawul, babu kuma hanyar mayar da shi. Mai caji ya miƙo shi da zafi yana cewa ya cika, alhali an rage masa kwana. Wanda ya fasa murfinsa ya ɗura masa asid kuwa ya gama da shi. Iskar da batir ke fitarwa a lokacin caji tana kama wuta, saboda haka ba a yin wannan aiki a rufaffen zaure ko kusa da mai sigari.

Nan ne za a ce, malam, da wace wutar? Tambaya ce ta gaskiya. Mun san yadda layin KEDCO yake zuwa ya tafi, kuma ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da jihohin arewa suka yi kwanaki a duhu. Amma mu auna buƙatar. Caja mai amfiya 5 ba ta kai wat 100 ba, abin da fankar sama ɗaya take ci. Gidan da ke da motar da ta kai wannan daraja, da wuya a rasa janareta ko inbata ko sola a cikinsa, kuma caja mai ƙwaƙwalwa in wuta ta ɗauke ta dawo, ci gaba take yi daga inda batirin yake. Ga motar da ke kwana a fili nesa da gida, ƙaramin faifan sola na wat 20 tare da na'urarsa ta daidaita caji ya isa ya mayar da abin da ake zuƙa a kwana, har da rara. Ranar da ke cin batirin ita ce za ta ciyar da shi. Wasu kuma za su ce a cire kan batir kawai in za a ajiye. A Prado ko tsohuwar Land Cruiser wannan yana aiki, in mutum ya yarda ya rasa ƙararrawa da tiraka, ya kuma sake saita tagogi da agogo. A motar da batirinta yake ƙarƙashin kujera ko cikin but mai buɗewa da lantarki, dabara ce da takan kulle mutum a waje, kuma ba ta hana zubewar da zafi ke jawowa.

Yanzu na zo kan 'yan'uwana makanikai da masu wayarin, kuma da girmamawa zan yi maganar, domin hannuwanku ne suka riƙe motocin ƙasar nan shekara da shekaru ba tare da littafi ko kayan aiki na kirki ba. Akwai abubuwa biyu da aka saba. Na farko, in ana so a gwada altaneta sai a zare kan batir inji yana aiki, in mota ba ta mutu ba a ce tana caji. Na biyu, in batir ya mutu sai a aro mai rai a tayar, sannan a zare shi inji yana juyawa a mayar da mataccen. A duka biyun akwai ɗan lokacin da altaneta take aiki babu batir, alhali batir shi ne yake shanye hauhawar wuta. In babu shi, wutar na iya tsalle ta ninka sau da yawa cikin ƙiftawar ido, ta bi waya ta shiga birenbos da kwamfutar giya da ta burki. Na san amsar: shekara talatin muna yi, ba abin da ya faru. Gaskiya ne a kan Fijo da Bitil da tsohuwar Hilux, domin babu kwamfutar da za ta ƙone a cikinsu. A motar yau ma ba kullum take ƙonewa nan take ba, kuma wannan shi ne sharrin abin. Wani sashe yakan raunana, bayan wata biyu allo ya fara kawo fitilun gargaɗi, giya ta fara fizga, babu wanda zai tuna da ranar da aka zare kan batir, sai a ce ai motar Bature ce, ba ta son ƙasarmu. Gwajin da mita za ta yi cikin minti ɗaya ba tare da an kwance komai ba, bai kamata a yi shi da cacar kayan miliyoyi ba. In jona waya za a yi daga wata mota, ja ya tafi kan ja, baƙin kuma a maƙala shi a jikin ƙarfen motar da ta mutu, a bar mai ran tana aiki 'yan mintuna kafin a yi kik. Babbar mota mai bolt 24 ba a kusantar da ita.

Akwai wani ƙaramin abu a kan baƙin kan batir na Range Rover da BMW da Mercedes da wasu da yawa, wanda ake yawan ɗauka tarkace ne. Sansa ce, tana ƙirga duk wutar da ta shiga da wadda ta fita, ta gaya wa kwamfuta, ita kuma ta umarci altaneta. Abubuwa da dama suna biyo bayan wannan. In ka maƙala baƙar wayar caja kai tsaye a kan batir, wutar ta shiga ta bayan sansar, motar ba ta san an yi caji ba, sai ta ci gaba da kashe wasu na'urori tana kawo gargaɗi. Shi ya sa kamfanonin suka tanadi wurin maƙalawa a jikin bodi ko ƙarƙashin bonet. In an sa sabon batir kuma, a yawancinsu sai an shiga da kwamfutar gwaji an sanar da motar, in ba haka ba za ta ci gaba da yi wa sabon cajin da ta saba yi wa tsohon. Haka nan mai wayarin da ya ga 12.8 a mita inji yana aiki, kada ya yi saurin yanke wa altaneta hukunci; a irin wannan tsari wutar tana hawa da sauka tsakanin 12 da ɗoriya zuwa kusan 15 bisa umarni. Altaneta nawa masu lafiya aka kwance aka kai Ƙofar Ruwa saboda wannan? Sannan inda aka ɗora batirin yana da dalili. Range Rover ta 2013 zuwa sama da BMW X5 a but suke ajiye shi, Touareg da Cayenne a ƙarƙashin kujera, don a nisanta AGM daga zafin inji. Wanda ya maye gurbinsa da mai ruwa saboda araha, bai kuma jona bututun fitar da iska ba, ya shigar da tururin asid ɗakin da iyalinsa suke zama. Sababbin Range Rover da Defender ma akwai masu ƙarin batirin litiyam na bolt 48, wanda ba a taɓa shi sai da sani, kuma duk da shi, in ƙaramin na 12 ya mutu motar ba ta farkawa.

Masu Toyota za su ce wannan duk matsalar motar Turai ce. Akwai gaskiya a ciki, domin tsarin Land Cruiser ya fi sauƙi, batirinta a gaba yake inda hannu ke kaiwa, shi ya sa ta zama motar sarakuna da gwamnoni da masu shiga daji. Amma zama a gaba yana nufin zama cikin zafin inji, kuma Land Cruiser 300 da Lexus LX 600 da suka fito a 2021 cike suke da kwamfutoci kamar kowace. Mai dizal ta jerin 200 da ke da batir biyu, in ɗaya ya raunana yana janye ɗan'uwansa, saboda haka tare ake canza su. Ita ma tana buƙatar a ɗaure batirinta tamau kafin a hau hanyar ƙauye mai gargada, domin girgiza tana kakkaɓe farantan. Ƙurar hunturu da ta taru a samansa, in ta sha laima, hanya ce da wuta ke bi tsakanin kawunan biyu. Farin garin da ke taruwa a kan kawunan, ruwan kanwa yana wanke shi, in an kula bai shiga cikin ɗakunan ba.

Saura magana ɗaya, wadda na fi ba nauyi. Wani zai ce mai jif mai kuɗi ne, in batir ya mutu ya sayi wani, me ya shafi talaka? Ya shafe shi ta wajen aiki, domin abin da ke cikin jif yau shi ne zai zo cikin ƙananan motocin Kwatano gobe, har ma ya fara zuwa, kuma yaron da ke koyon wayarin a yau, in bai iya mita da kwamfutar gwaji ba, aikin zai bar hannunsa. Ya kuma shafe shi ta wajen lafiya. Kowane batirin jif yana ɗauke da dalma fiye da kilo 10, kuma duk wanda ya mutu kafin lokacinsa ƙari ne a kan tulin da 'yan gwangwan suke saye. In an fasa shi da guduma a lungu, asid ya bi kwata ya nufi Jakara, ƙurar dalma ta zauna a ƙasar da yara suke rarrafe. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu. A can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da ba ya cutarwa a jinin yaro. Wadda ba ta kashe ba tana rage masa kaifin ƙwaƙwalwa. Saboda haka roƙona ga iyayenmu masu unguwanni shi ne a hana fasa batir da narka dalma a cikin gidaje da lunguna. Ga alhazai, tsohon batir a mayar da shi cikakke, da ruwansa a ciki, ga dilan da ya sayar da sabon. Ga shugabannin gareji kuma, a haɗa kuɗi a sayi mita da caja mai ƙwaƙwalwa da kwamfutar gwaji ko da guda ɗaya ce a kowane gareji, kuma kada a yaye yaro sai ya iya auna abin da mota take zuƙa bayan ta yi barci.